Haya Ko Gini: Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Manhajar No-kod Da Wadda Injiniyoyi Suka Rubuta

A watan Nuwamban 2008 wani ƙaramin kamfani a birnin Chicago na ƙasar Amurka ya fara tallata rangwame a intanet. Tayinsa na farko shi ne mutum ya biya kuɗin fiza ɗaya ya karɓi biyu, a wani gidan abinci da ke ƙasan benen da ofishin kamfanin yake. Sunan kamfanin Groupon, kuma bai tsaya gina sabuwar manhaja don wannan aiki ba. Andrew Mason da abokan aikinsa shafin WordPress suka ɗauka suka manna masa sunansu, kullum su wallafa tayi ɗaya. Takardun rangwamen kuwa da manhajar FileMaker suke haɗa su, su tura wa masu saye ta imel.

Shekara biyu bayan haka Google ya yi tayin sayen kamfanin a kan kusan dala biliyan 6, masu shi suka ƙi. Kafin a kai wannan matsayi Groupon ya riga ya ɗauki injiniyoyi ya gina tsarinsa na kansa, domin kayan aron da ya fara da su ba za su iya ɗaukar miliyoyin masu saye ba.

Wannan labari ya ƙunshi tambayar da ke gaban matasa da yawa a yau, daga mai sayar da atamfa ta WhatsApp da ke son manhajar karɓar oda, zuwa ɗalibar da ke da dabarar haɗa masu koyar da darasi da iyayen yara. Shin a yi amfani da dandalin da ke ba mutum damar haɗa manhaja ba tare da ya rubuta kod ba, ko a nemi injiniyoyi su rubuta ta daga tushe? Kuskure a nan yana iya cinye jarin mutum kafin ya samu mai saye ko ɗaya, ko kuma ya wayi gari kasuwancinsa gaba ɗaya yana hannun wani kamfani da bai san da zamansa ba.

Mene ne no-kod?

Kowace manhaja da ke cikin waya an gina ta ne da kod, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta da yarukan da take ganewa, irin su Java da Kotlin da Swift. Dandalin no-kod bai kawar da kod ba, ɓoye shi ya yi. Injiniyoyin kamfanin sun riga sun rubuta tubalan da kusan kowace manhaja ke buƙata: wurin rajista, maɓallai, fom, rumbun bayanai, hanyar biyan kuɗi. Aikin mai amfani shi ne ya jawo tubalan ya jera su a allo, ya faɗa wa kowanne abin da zai yi.

Kowane dandali da inda ya fi ƙarfi. Bubble, wanda Emmanuel Straschnov da Josh Haas suka kafa a New York a 2012, ana gina cikakkiyar manhaja da shi. Webflow na tsara shafukan intanet ne. Glide da AppSheet suna mayar da jadawalin Google Sheets ya zama manhajar waya. Airtable rumbun bayanai ne mai kama da jadawali. Zapier kuwa ɗan aike ne tsakanin manhajoji, yana ɗaukar saƙo daga wannan ya kai wa waccan, misali duk wanda ya cike fom a shigar da sunansa a jadawali a kuma tura masa imel.

A Najeriya ma akwai irinsu. Paystack da Flutterwave suna ba ɗan kasuwa damar buɗe shafin karɓar kuɗi ko ƙaramin kanti a intanet ba tare da ya rubuta layi ɗaya ba. Ƙungiyoyin agaji kuma sun daɗe suna amfani da KoboToolbox wajen tattara bayanai a karkara, saboda fom ɗinsa yana aiki ko babu intanet, sai an samu sabis ya tura abin da aka cike.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a kwatanta shi da shago. Mai amfani da no-kod ɗan haya ne, ya shiga shagon da aka gama ginawa, akwai wuta akwai ƙofa, yau ya karɓi makulli gobe ya fara ciniki. Wanda ya ɗauki injiniyoyi kuwa fili ya saya zai yi gini. Zai tsara shi yadda yake so, amma sai ya jira, kuma duk ranar da rufi ya yi yoyo shi ne mai gyara.

Abin da haya ke sauƙaƙawa

Babbar barazana ga sabuwar manhaja ita ce a gama ta a rasa mai buƙatarta. Wanda ya kashe wata shida da miliyoyin naira kafin ya gano haka ya yi asarar kuɗi da lokaci. Wanda ya gano cikin mako biyu da kuɗin rajistar wata ɗaya yana da sauran ƙarfin gwada wata dabara.

Haka shafin Product Hunt ya fara. A watan Nuwamban 2013 Ryan Hoover yana son ya san ko mutane za su so wurin da ake baje sabbin manhajoji kullum. Maimakon ya gina shafi, sai ya yi amfani da wata 'yar manhaja mai suna Linkydink, wadda ke tattara adireshin shafukan da mutane suka turo ta aika wa kowa ta imel. Da ya ga jama'a suna shiga suna kuma turo nasu, sannan ya haɗa kai da Nathan Bashaw suka rubuta shafin na gaske. A ƙarshen 2016 kamfanin AngelList ya saye shi.

Akwai kuma ayyukan da ba za su taɓa buƙatar wuce no-kod ba. Makarantar da ke son rajistar ɗalibai ɗari uku, ƙungiyar adashe mai mambobi hamsin, shagon gyaran waya da ke son sanin wayar wa aka karɓa da ranar da za a ba shi, duk waɗannan matsaloli ne da aka riga aka warware su sau dubbai. Biyan injiniya ya sake rubuta su daga farko ɓarnar kuɗi ce. Ƙari a kan haka, wanda ya san aikin shi ne ke haɗa manhajar da hannunsa, don haka idan yana son ƙara wani gurbi a fom ba sai ya jira kowa ba.

Ikon mai gida

Sai dai Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ɗan haya yana ƙarƙashin hukuncin mai gida ta fuska uku: zai iya tashinsa, zai iya ƙara masa kuɗi, kuma ba zai bar shi ya tafi da ginin ba.

Batun tashi ba zato ba ne, ya sha faruwa, kuma daga manyan kamfanoni. Google ya ƙaddamar da App Maker a 2016 domin ma'aikatu su riƙa haɗa manhajojin cikin gida. A watan Janairun 2020, watan da ya sayi AppSheet, ya sanar da cewa zai rufe App Maker, ya kuma rufe shi a ranar 19 ga Janairun 2021. Babu hanyar ɗauke manhaja kai tsaye zuwa wani dandali, dole kowa ya sake gini. Abin da ya tsira shi ne bayanan da aka ajiye a rumbu na daban. Amazon ma ya fito da Honeycode a watan Yunin 2020, ya rufe shi a ƙarshen Fabrairun 2024. Girman kamfani ba ya tabbatar da ɗorewar dandali, domin abin da ke zama rayuwar ƙaramin ɗan kasuwa yana iya zama ƙaramin gwaji a wurin babban kamfani.

Ta fuskar farashi, a 2023 Bubble ya sauya tsarin cajinsa zuwa lissafin yawan aikin da manhaja ke sa sabar kamfanin ta yi, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa daga masu amfani da shi. Waɗanda ba su ji daɗi ba sun tarar da ƙofar fita a ƙuntace, saboda Bubble yana barin mutum ya sauke bayanansa amma ba ya ba shi kod ɗin manhajar. Zapier shi ma yana caji ne gwargwadon yawan aiken da ya yi. Ma'ana, yayin da ciniki ke ƙaruwa kuɗin haya ma yana hawa.

Ga wanda ke Najeriya akwai ƙarin nauyi, domin yawancin waɗannan dandali da dala ake biyansu. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance a kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauki misalin rajistar dala 30 a wata: abin da yake naira 13,800 ya koma 45,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Daga 2022 kuma bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda ya kasa biya a kan lokaci, manhajarsa na iya tsayawa ko da yana da kuɗin a asusunsa.

Iyaka da tsaro

Kowane kayan aiki yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma mafi hatsari shi ne wanda ba ya yin ƙara idan ya cika. Jadawalin Excel, wanda za a iya kira kakan duk kayan no-kod, ya nuna haka a Ingila lokacin annobar korona. Hukumar lafiya ta Public Health England tana tattara sakamakon gwaji ne a tsohon nau'in fayil na XLS, wanda ba ya wuce layi 65,536. Da fayil ya cika, sauran sakamakon sai ya zube ba tare da wani gargaɗi ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, aka kuma makara wajen neman waɗanda suka yi hulɗa da su.

Sauƙin haɗawa yana kuma iya rufe wa mutum ido daga batun tsaro. A watan Agustan 2021 kamfanin binciken tsaro na UpGuard ya bayyana cewa bayanai kusan miliyan 38 suna buɗe ga kowa a shafukan da aka gina da Power Apps na Microsoft. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai kamfanin jiragen sama na American Airlines, da kamfanin motoci na Ford, da hukumomin gwamnati a jihohin Indiana da Maryland. Ba kutse aka yi ba. Saitin da dandalin ke zuwa da shi ne bai kulle bayanan ba, waɗanda suka haɗa shafukan kuma ba su san akwai makullin da ya kamata su murɗa ba. Daga baya Microsoft ya sauya saitin.

Wannan ya shafi duk wanda ke karɓar sunaye da lambobin waya da adireshin mutane. Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan ya kuma yanke yadda za a yi da su. Cewa a dandalin wani kamfani aka ajiye su ba ya sauke wannan nauyi.

Gini ma da tasa wahalar

Duk wannan ba ya nufin rubuta kod shi ne mafita a kowane hali. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov na rajistar inshorar lafiya, bayan kamfanonin kwangila da dama sun yi aiki a kansa an kuma kashe ɗaruruwan miliyoyin dala. A ranar farko mutum shida kacal suka iya kammala rajista. Sai da aka kawo wata tawagar ƙwararru ta yi makonni tana gyara kafin shafin ya daidaita.

Abin da sabon shiga ya fi mantawa shi ne cewa manhaja ba ta ƙarewa ranar da aka ƙaddamar da ita. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin a buɗe asusun ɗora manhaja a Play Store, Apple kuma dala 99 duk shekara, amma waɗannan su ne ƙananan kuɗaɗen. Duk shekara Google na ɗaga matakin Android da dole sabbin manhajoji da sabuntawarsu su dace da shi. Akwai kuɗin sabar, da toshe ɓarakar tsaro, da gyaran abin da ya lalace bayan kamfanin biyan kuɗi ya sauya tsarinsa. A dandalin no-kod kamfanin ne ke ɗaukar yawancin wannan aiki. A ginin kai, mai manhaja ne.

Sannan akwai batun mutane. Ƙwararren injiniya a Kano ko Abuja yana iya yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala, don haka riƙe shi ba ƙaramin abu ba ne ga sabon kamfani. Idan mutum ɗaya ne ya rubuta komai, shi kaɗai ya san inda komai yake, ranar da ya tafi an koma gidan jiya. Wanda ya guje wa dogaro da dandali yana iya faɗawa dogaro da mutum ɗaya, musamman idan asusun sabar da sunan shafin da ma'ajiyar kod ɗin duk da sunan injiniyan aka buɗe su.

Lokacin da gini ke zama dole

Akwai inda babu makawa sai an rubuta kod, wato idan fasahar ita kanta ce hajar da ake sayarwa. Lokacin da Facebook ya sanar da sayen WhatsApp a watan Fabrairun 2014 a kan dala biliyan 19, kamfanin yana da ma'aikata 55 da masu amfani sama da miliyan 450. Sirrinsa yana cikin tsarin da injiniyoyinsa suka gina da yaren Erlang, wanda ke ɗaukar ɗimbin saƙonni da sabar kaɗan, da kuma manhajar da ke aiki har a ƙananan wayoyin Nokia. Babu dandalin haya da zai ba su wannan. Haka Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, Stripe kuma ya saya a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Kamfanin da ke ba wasu damar karɓar kuɗi ba tare da kod ba, shi da kansa injiniyoyi ne suka rubuta shi.

Bambancin a bayyane yake. Mai sayar da atamfa, atamfa ce hajarsa, manhaja hanya ce kawai ta kai wa ga mai saye. Mai kamfanin tura kuɗi kuwa, manhajar ita ce kasuwancin.

Yanayin masu amfani ma yana iya tilasta gini. Manhajojin da ake haɗawa a wasu dandali suna da nauyi, suna kuma buƙatar intanet mai ƙarfi a kowane lokaci. Idan waɗanda ake yi wa manhajar suna riƙe da waya mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, suna lissafin kowace megabait, ko suna zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, to sai an gwada ta a irin wayarsu da irin sabis ɗinsu, ba a kwamfutar ofis ba.

Tsakanin haya da gini

Zaɓin bai tsaya a biyu kawai ba. FlutterFlow, wanda tsofaffin injiniyoyin Google biyu suka kafa a 2020, yana barin mutum ya haɗa manhaja ta hanyar jera tubala, sannan a tsarinsa na biya ya sauke kod ɗin Flutter ya miƙa wa injiniya ya ci gaba. WordPress buɗaɗɗiyar manhaja ce, mai shafi zai iya ɗauke shafinsa daga wannan kamfanin sabar zuwa wancan. Kamfanoni da yawa kuma suna raba aikin gida biyu: injiniyoyi su rubuta zuciyar kasuwancin, sauran abubuwa irin su shafin talla da fom ɗin ƙorafi a bar wa no-kod.

Sabon shigowa shi ne ƙirƙirarriyar basira. Dandali irin su Lovable da Replit da Bolt suna karɓar bayani da yaren yau da kullum su rubuta kod na gaske. Wannan ya rage tsadar gwaji sosai, amma bai kawar da tsohuwar matsalar ba. Kod ɗin da mai shi ba zai iya karantawa ba, ba zai san ko ya bar ƙofa a buɗe ba, don haka duk manhajar da za ta taɓa kuɗi ko bayanan mutane tana buƙatar idon ƙwararre kafin a sake ta.

Kafin a yanke shawara

Tambaya ta farko ita ce ko an tabbatar akwai masu buƙatar abin. Idan ba a tabbatar ba, no-kod ne ya dace, ko ma fom ɗin Google da lambar WhatsApp.

Ta biyu ita ce lissafin gaba. A duba abin da dandalin zai caja idan masu amfani suka ninka sau goma, a mayar da shi naira, a kwatanta da albashin injiniya da kuɗin sabar na shekara guda. Ranar da kuɗin haya ya fara kusantar kuɗin gini, ko ma'aikata suka koma yin da hannu abin da manhajar ta kasa, lokacin ƙaura ya matso.

Ta uku ita ce ƙofar fita, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar farko a gwada sauke bayanai a ga ko suna fitowa cikakku, a kuma mayar da hakan al'ada duk mako ko duk wata. A sayi sunan shafi da sunan mai kasuwancin, domin ko an sauya dandali masu saye su same shi a adireshin da suka sani. A rubuta yadda kowane mataki ke aiki a takarda, ta yadda wanda zai sake ginawa ba zai fara daga lalube ba.

Ga wanda ya zaɓi ɗaukar injiniya, a rubuta yarjejeniyar da ta fayyace cewa kod ɗin mallakar mai kasuwancin ne. A buɗe asusun sabar da na Play Store da ma'ajiyar GitHub da imel ɗin kamfani, a riƙa biya mataki-mataki gwargwadon abin da aka gani yana aiki, a kuma ware kuɗin kulawa na bayan ƙaddamarwa tun kafin a fara.

Allon manhaja da maɓallanta ana iya sake haɗa su cikin makonni, a kowane dandali ko da kowane yare. Jerin masu saye, da tarihin cinikinsu, da adireshin da suka saba zuwa, su ne ba a sake ginawa idan suka salwanta. Wanda ya riƙe waɗannan a hannunsa zai iya zama a gidan haya muddin yana biya masa buƙata, ya kuma tashi ranar da ya ga dama.